Mai Rigar Bai Zo Awo Ba

Tela yana kan keke yana ɗinki sai ga wata ɗaliba ta faɗo shagon, jakar littattafai a baya, tsohon labule a hammata. Ɓurɓushin ciyawa ya maƙale a gyalenta, takalminta ya sha taɓo, amma fuskar nan sai sheƙi take.

"Baba, riga za ka ɗinka wa dokina. Ƙudaje sun hana shi sakat."

Yadda take faɗin "dokina" tana murmushi ya sa tela ya gane bakinta bai saba da kalmar ba tukuna.

"To 'yata, ina awonsa?"

Babu awo. Sai ta ware hannuwa iya ƙarfinta, ta yi ɗage, wai wuyansa ya kai nan. Ta zaro waya tana nuna hotuna: ga shi yana cin dusa, ga shi yana taunar littafinta. Shi kuwa tela tafin hannunta yake kallo, duk ya yi kanta. Ya ce a ransa, wannan sai ta share barga ta ja ruwa kafin ta shiga aji, wataƙila ko karyawa ba ta yi ba.

Can ta tuna da lacca, ta dire labulen ta fita a guje.

Tela ya juya labulen, ya rataya tef a wuya, ya leƙa waje ya ƙwala mata kira:

"'Yata! In na zo auna shi, yana harbi?"