Kawu da Saiwar Kankana

Jiya na ga kankana jibge a Ƙofar Doka, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Shekarar da kankanata ta yi yaushi a fadama, na yi ta kwarara mata ruwa. Kawu ya tumɓuke guda, ya shinshina saiwar yadda ya saba, ya miƙo mini. Ta yi baƙi, tana warin ruɓa.

Ya ce, “Ɗana, ba ƙishirwa ba ce, cutar a ƙasa take. Ƙone su, baɗi ka shuka masara a nan.”

Na ce tsufa ne kawai. Na maimaita kankana, ko ɗaya ban tsinka ba. Girman kai ya hana ni zuwa in ce ya yi gaskiya, har aka binne shi.

Kawu, Allah Ya ni'imta ƙasar da kake kwance a ciki.