Aikin da Aka Yi wa Malam Sahabi

Shekara sittin da ɗoriya ke nan da rasuwar mijina, Malam Sahabi, malamin elementare a Tambuwal.

Ciwon ya same shi shekarar da aka samu mulkin kai. Yakan zo ne bayan 'yan watanni, ya kama shi a saman cibiya ya ratsa har baya. Sai ya zauna ya dunƙule, goshi bisa gwiwa, ya yi ta amai. In ya lafa ya koma aji. An ba shi maganin tsutsar ciki, wanzami ya yi masa tsaga, duk a banza.

Daga baya wani likita a Sakkwato ya ce tsakuwa ce ke fitowa daga maɗaciya tana toshe hanya, sai wata tsoka da ke bayan tumbi ta kumbura. Ya ce in ba a yi aiki ba, ciwon zai ci gaba da dawowa.

Malam ya ce ba za a taɓa shi ba sai Inna, mahaifiyarsa, ta yarda. Muka je wurinta a Kebbe.

"Mi za su yi maka?" in ji ta.

"Buɗe cikin za su yi, Inna."

"Kana da rai?"

"Ina barci."

Ta ce a'a. Sai da ciwon ya tashi a gabanta bayan damina, ta ga ɗanta yana cizon tabarma, sannan ta ce mu tafi. Lokacin ya riga ya rame.

An yi aikin a asibitin Sakkwato. Ya farka ya ce mini, "Hajo, babu ciwon." Har ya nemi fura aka hana shi. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe shi, bai tashi ba. Na naɗe kayanmu, na mayar wa matar mai jinya a gadon kusa kwanon da na ara. Ban yi kuka ba. Da na isa Kebbe, abu ɗaya Inna ta tambaye ni: "Sun ɗinke shi kafin a rufe shi?" Na ce sun ɗinke.

Bara jikata ta kamu da irin ciwon. Aka yi mata 'yan ƙananan huji, aka cire maɗaciyar, kafin mako ta dawo gida. Na duba tabon, bai kai farcena ba. Na yi tunanin me Malam zai ce. Ina jin zai sa likitan ya zana masa yadda aka yi ne, don ya nuna wa 'yan ajinsa.

Ɗalibansa sun tsufa, yawanci sun bi shi. Waɗanda suka rage sukan gaishe ni da sunansa. Ni fuskarsa ma ta fara ɓace mini. Muryarsa ce ta zauna, ranar da ya ce babu ciwon. Allah Ya jiƙansa.