Tsofaffin Littattafan da Na Tsinto wa 'Yata

'Yata tana da shekara biyar ta fara karanta rubutun buhunan shinkafa a shagon babanta a Garwa. Malamar lekol, wato makarantar boko, ta ce dole ta ci gaba da rera a, b, c. Sai na cire 'yar tawa don in koya mata a gida.

Yayata ta nuna mini littattafan Faransanci masu tsada, ta ce, "In ba ki da kuɗinsu, ki mayar da ita lekol."

Na ce, "Yaya, ba zan saya ba, kuma ba za ta koma ba."

Na shiga kasuwa na tsinto tsofaffin littattafan 'yan aji biyu, na ɗinke su da zare. Kafin damina, yarinyar ta karance su tas.