Tarina a Faifan Garmaho

Na daɗe ina gaya wa mutanenmu na Greensboro, nan ƙasar Turawa, cewa akwai muryata a faifan garmaho. Na ce ni ɗan amshin wani mawaƙin garinmu ne, da ni aka je Ikko aka ɗauki waƙa. Na faɗa a masallaci, na faɗa a siton titin Wendover inda muke ɗaure kwalaye, har bakina ya saba. Ban ji tsoro ba, don faya-fayan sun daɗe da farfashewa, masu iya ƙaryata ni kuma duk sun rasu.

Gaskiyar ita ce ganguna na ɗauka. Aka ajiye ni bayan ƙofa, Baturen da ke ɗaukar waƙar ya ɗora yatsa a leɓe, ana tsakiyar waƙa tari ya kufce mini, har sau biyu. Ya kuwa shiga faifai. Mawaƙin ya zage ni daga Ikko har gida, amma duk shagon da aka sa garmahon sai na tsaya na jira wurin, in ce, ku ji ni nan. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Tarin nan shi ne abin da na ajiye a duniya, ni na yi ta ƙara masa gishiri har ya zama amshi.

Sai wata Juma'a wani malami ɗan Kano, mai karatu a jami'a, ya tare ni.

"Baba, albishirinka! Turawa sun sake buga tsofaffin waƙoƙi a faifan sidi. Na samo taku, tana hanya."

Na ce goro. Sati biyu ina ɗaure kwali ina tunanin ciwon da zan ƙirƙira.

Da sidin ya iso, mu biyar muka cusu a motarsa bayan salla. Malamin ya ce an wanke sautin da na'ura, duk ƙarar allura an cire. Kalangu ya tashi tas, kamar jiya. Na sunkuyar da kai ina jiran baiti na uku, inda tarin zai fito, in kasa daurewa in tona kaina.

Baitin ya zo ya wuce, sumul. Babu tari.

Wani abokina ɗan Maraɗi ya zungure ni. "To Alhaji, wanne ne kai? Ko mai muryar akuyar nan?"

Na ce shi ne. Aka yi dariya, malamin har da tafi. Mai muryar nan bawan Allah ne da yake rage mini tuwo a hanyar Ikko. Ya daɗe a ƙasa, ga shi muryarsa ma na karɓe.

Da aka watse na ce, "Malam, abin da suka cire, ina suke kai shi?"

Ya ce, "Ba a kai shi ko'ina, Baba. Datti ne."

Asirina ya rufu, amma tarina ya tafi. Malamin ya bar mini sidin. Ina sa shi a hanyar sito, cikin cunkoson Wendover, idan an zo baiti na uku sai in yi tarin da kaina, sau biyu. A shekaruna ba ya wuya.