Dubai a Gonar Albasa

Jama'a, yau asirin Mamman mijin yata ya tonu!

Kun san hotunanshi na zuwa sari Dubai. Cikin ordinatarshi mai Linux ya kulle wani dosiye na hotuna, shi kaɗai ke buɗewa. Yau sunan ɗiyarshi, ya kwashe komi ya zuba ga kile, wato filashin USB, ya ba mai hoto ya haska ma baƙi.

Ashe kullen bai bin kile. Windows ta ordinatar mai hoto ta buɗe duka.

Sai ga hoton Mamman da kwat, buhunnan albasar ƙauyenmu Garu bayanshi, tun ba a liƙa benayen Dubai ba.

Ya zabura: "Na kulle shi fa!"

Mai hoto ya ce, "Can ka kulle, maigida. Nan ba a san ka ba."

Babanmu ya gyara tabarau, ya ce, "Bar hoton nan. Wancan jakina ne."