Ƙararrawar Ƙofa a Lambun Baba

Ban wuce aji uku na sakandare ba. Abin da na sani na lantarki a hannu na koye shi, a wani kamfanin roba da ke Sharada inda na yi shekara tara ina gyaran injina. Na faɗi wannan ne don a san girman kan da zan ba da labarinsa ba shi da wata takarda a bayansa.

Mahaifina yana da lambu a bakin kogin Challawa, ƙasa da kamfanonin fata. Albasa da salak yake nomawa da rani, da su gidanmu ke ci. Lambun a kan tudu yake, tankin ruwa yana can sama, injin ban ruwa mai aiki da lantarki kuma yana ƙasa a bakin kogi. Tsakaninsu gangara ce mai santsi. Duk sanda tanki ya yi ƙasa sai Baba ya gangara ya kunna inji ya hauro, in ya cika ya sake gangarawa ya kashe. A shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun talaka, gwiwoyinsa suka fara ƙi. Yayyena mata suka ce ya bar lambun ya huta. Ya ce ranar da ya bar lambun nan, a tanadi likkafani.

Wata Asabar a kasuwar Sabon Gari na ga ƙararrawar ƙofa wadda ba ta da waya. Ka danna maɓalli a nan, ta yi kuka a can. Na tsaya ina dannawa har mai shagon ya ce in saya ko in ba mutane wuri. Na sayi biyu.

Ga yadda na yi. Na sa ƙwallon roba a cikin tanki, na ɗaure shi da sanda. In ruwa ya ja baya ƙwallon ya sauka, sandar ta danna maɓalli na farko. In ruwa ya cika ta danna na biyu. A bakin kogi kuma na cire lasifikar ƙararrawar, na haɗa wayoyinta da makunnin inji, yadda maimakon ta yi kuka sai ta kunna ko ta kashe. A baki abin da sauƙi. Sai da na yi mako uku, na ƙona kaya sau biyu, na ɗaga wayar tagulla a kan doguwar gora kafin saƙon ya yarda ya kai ƙasa.

Akwai wani tsoho maƙwabcin lambunmu, abokin Baba tun ƙuruciya, wanda kullum yake leƙowa ta kan shinge.

"Injiniya, yau ma baƙon bai iso ba? Na ji kana ta buga masa ƙararrawa."

"Yana hanya, Malam."

"To ka ce masa ya zo da ruwansa."

Ranar da injin ya tashi da kansa, ba kowa a kusa da shi, tsohon ya cire hula ya mayar. Baba ya daɗe yana kallon gangarar, sannan ya ce, "Wai shi abin nan naka, kafin ya kunna, yana tsayawa ya..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Baba, ku dai ku zauna a inuwa. Wannan ba irin aikinku ba ne." A gaban abokinsa na faɗa. Baba ya ɗauki fartanyarsa. Wannan magana ita ce laifina, kuma har yau in na tuna ta sai na yi istigfari.

Kwana takwas abin yana tafiya daidai. Ran na tara Juma'a ce. Na ce wa Baba ya bar famfon fangalin salak a buɗe ya tafi masallaci, inji ya san aikinsa. Da na taso daga aiki na biya lambun wajen la'asar, tun daga shinge wari ya tare ni. Ruwan tanki ya yi baƙi-baƙi da kumfa a kai. Salak ɗin duk ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa.

Wani kamfanin fata ne ya saki ruwan jima cikin kogi. Ba su da lokaci tsayayye, amma duk manomin bakin kogin ya san shi da launi da wari, sai ya jira ya wuce. Ashe duk gangarawar da Baba yake yi, ba kunna inji kawai ke kai shi ba, ruwan yake dubawa. Abin da ya so ya tambaye ni ke nan. Albasar ta tsira ne don famfonta a rufe yake.

Na same shi tsugune a bakin fangali. Na durƙusa na ce, "Baba, ku yafe mini. Gobe zan kwance shi."

"Ka kwance shi in koma gangara da waɗannan gwiwoyin?" Ya nuna mini ƙasa kusa da shi. "Zauna. Yanzu ka yarda in ƙarasa maganata?"

Na zauna. Ya ce hannu na yi wa injin, saura ido da hanci, su kuwa nasa suna nan lafiya. Shi ya kawo shawarar farin baho, ni na san yadda za a haɗa. Na sake tsarin. Yanzu in tanki ya yi ƙasa, ƙwallon ba ya kunna komai, ƙararrawa ce kawai take kuka a gindin darbejiyar da Baba ke zama. Na sayo ta uku, na rataya masa maɓallinta a wuya da igiya. In ya danna, ruwan farko a farin bahon da ke gabansa yake zuba. Ya duba, ya sansana. In mai kyau ne ya murɗa famfo ya wuce tanki, in ya cika inji ya kashe kansa. In gurɓatacce ne ya sake dannawa inji ya tsaya, ya zubar, ya ci gaba da jan carbinsa.

Salak kuwa ni na sake shuka shi da hannuna, duk yamma bayan aiki, tsohon nan yana kan shinge yana tambayata ko a kamfani ake koyar da riƙon fartanya haka. Daga baya shi ne mutum na farko da ya ce in haɗa masa irin na Baba. Kafin in taɓa ko ƙusa ɗaya, sai da na zauna ya faɗa mini duk abin da yake yi daga shigarsa lambu har fitarsa.

Baba bai sake taka gangarar ba, kuma bai bar lambunsa ba. Albasar shekarar ta yi kai. Da dillali ya zo ɗauka, ƙararrawa ta yi kuka, ya ga Baba ya taɓa ƙirji ruwa ya taho daga kogi. Ya ajiye buhun da ke hannunsa.

"Alhaji, wannan daga wace ƙasa aka kawo muku?"

"Daga Sharada," in ji Baba. "Ɗana ne ya yi. Rabin dai ni na koya masa."