Injin Auta

Sannu-Sannu ake ce masa a layin masu gyaran babur, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. Tun yana saurayi yake kwance inji yana ɗaurawa. Injin da ya fita daga hannunsa ba ya gudu, amma fa ba ya mutuwa. Masu dakon kaya da masu kai yara makaranta su ne mutanensa. In matashi ya zo neman a ƙara wa babur wuta don tsere, sai ya nuna masa hanya da sifana ya ce, "Gangara gaba, ni ba na haƙa wa ɗan kowa kabari."

To, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Autansa, namiji tilo bayan 'yan mata, shi ne ya tashi da ciwon tsere. Wata safiya ya turo babur ɗinsa har cikin rumfa.

"Baba, ko ka haɗa mini babban inji, ko in kai wa Gaggawa."

Gaggawa shi ne bakaniken ƙarshen layi, wanda ke yashe cikin silinda har bangonta ya koma kamar ɓawon ƙwai. Bara wani injin da ya haɗa ya buga ana tsakiyar gudu, tayar baya ta cije. Sannu-Sannu yana cikin waɗanda suka ɗauko yaron da ke tuƙa babur ɗin daga kan kwalta.

Ya yi faɗa, ya yi lallashi, har cewa ya yi zai cire hannunsa daga kansa.  Auta ya ajiye makulli a kan benci ya fita.

Sannu-Sannu ya jera fistan biyu a gabansa, ƙarami da babba. Ƙaramin zai ba da ƙarfin hawa tudu, ya daɗe, ba zai kai kowa gaban kowa ba. Babban kuwa, in aka haɗa shi da babbar kafireta, babur zai tashi kamar an tsikare shi. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya ajiye. Tsoro ya hana shi cin abinci. Gaba kura, baya sayaki.

Uwar Auta ta biyo shi rumfa, abin da ba ta saba ba.

"Maigida, sa masa ƙaramin mana. Ka buɗe salansar hayaƙi ta yi ta ihu. Ina zai gane?"

"Yaron da aka yaye a kan bencin nan? Kafin ya sa giya ta uku ya gane. Daga nan sai wurin Gaggawa, kuma har abada ba zai sake ba ni ko noti in ɗaura masa ba."

"To ka ƙona babur ɗin!"

"Ya ari na wani, wanda ban san cikinsa ba?"

Ta fita tana share ido da bakin mayafi.

Ya rufe rumfa, ya kori masu jira. Ya auna bangon silinda, ya sake aunawa. Ya goge bakin ringin fistan a hankali, ya wanke kowace hanyar mai. Ya canza burki gaba da baya, ya sa sababbin tayoyi da sabuwar sarƙa, ba wanda ya roƙe shi. Kowane noti da ya ɗaure, sai ya bi shi da addu'a.

Ranar da Auta ya zo, bugu ɗaya injin ya tashi. Yaron ya murɗa totur, ya dubi ubansa da murnar da rabonsa da ita tun yana rarrafe. Ya hau, kafin a ce me ya ɓace.

Uwarsa na tsaye a bakin rumfa.

"Ƙaramin ka sa, ko?"

"Babban na sa."

Ta dafe ƙirji. "Zai riƙe?"

"Zai riƙe," in ji shi, hawaye na bin gemunsa. "Wallahi tunda nake ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Ba wanda zai kamo shi."